Motar golf mai batir don gonar Baba: tsohuwar Amurka ko sabuwar Caina?

Baban Hauwa, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan motar golf mai aiki da batir, musamman waɗanda suka taɓa mallakar ta ko suka taɓa gyara ta, domin ina gab da kashe kuɗin da ba zan iya sake haɗa irinsu a nan kusa ba.

Mahaifinmu yana da gona a kan hanyar Vom, inda ake noman dankalin turawa da kabeji da tumatir, kuma shekara biyu ke nan ciwon gwiwa ya hana shi zagaya ta da ƙafa kamar yadda ya saba. Daga ƙofar gonar zuwa tsohon ramin kuza da muke jan ruwan ban-ruwa daga cikinsa akwai tafiyar kilomita ɗaya da rabi, a tsakiyar hanyar kuma akwai wani hawa mai tsakuwa wanda ko saurayi sai ya yi haki kafin ya kai samansa. Mun ce a riƙa ɗaukar sa a babur, ya ƙi, ya ce shi ba buhun taki ba ne. Mun gwada a-kori-kura, amma hanyoyin da ke tsakanin kunyoyi ba su da faɗin da za ta wuce ba tare da ta taka shuka ba. Abin da yake yi yanzu shi ne ya zauna a gindin mangwaron da ke bakin ƙofa yana aika yara su dubo masa, su dawo su ba shi labari, shi kuwa bai taɓa gamsuwa da labarin da suka kawo ba.

Na je Abuja na ga motoci biyu. Ta farko Club Car ce da aka yi amfani da ita a Amurka, mai kujerar mutum biyu da wurin kaya a baya, tana da batir shida masu ruwa, mai ita kuma ya ce bolt 48 ce. Ta biyun sabuwa ce dal daga Caina, mai kujerar mutum huɗu, da batirin litiyam da manyan tayoyi da fitilu, har da wurin cajin waya, kuɗinta kuma ya ɗara na ta farkon sosai. Kowane dillali ya kushe mini motar ɗan'uwansa, abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Babu wutar gwamnati a gonar, sai ƙaramin janareta da sola ta fitilu. Wacce za ta iya wannan hawan ɗauke da mutum biyu da buhun taki biyu, kuma me ya kamata in duba kafin in biya?

Injiniya, Gwarinpa, Abuja

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni nake kula da irin waɗannan motoci guda biyar a wani rukunin gidaje, kuma abin da shekarun nan suka koya mini shi ne cewa mai sayen motar golf yana zaton mota ya saya, alhali mafi yawan kuɗinsa da duk ciwon kan da zai biyo baya suna ƙarƙashin kujera ne, inda aka jera batir. Saboda haka ka fara ɗaga kujerar kafin ka kalli fenti.

Batir shida a mota mai bolt 48 yana nufin kowane ɗaya bolt 8 ne. Idan irin Trojan T-875 ne, wanda shi aka fi gani a cikinsu, kowane ɗaya yana da nauyin kusan kilo 29, wato motar tana yawo da nauyin buhun siminti uku da rabi tun kafin kowa ya hau ta. A lissafin takarda waɗannan shidan suna riƙe wutar da ta kai kusan yunit takwas irin na mitar gida, amma batir mai ruwa ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, don haka abin da kake da shi a zahiri yunit huɗu ne, kuma wannan idan sababbi ne. Batirin litiyam da ake sa wa irin waɗannan motoci, mai bolt 51 da amp-awa 100 ko 105, yana riƙe yunit biyar da ɗoriya, ana iya shan kusan dukkansa ba tare da ya lalace ba, nauyinsa kuma bai wuce na buhun siminti ɗaya ba. A kan hawa wannan bambancin nauyi ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma wani hali na batir mai ruwa da za ka lura da shi tun makon farko: yayin da cajinsa yake raguwa ƙarfinsa ma raguwa yake, ta yadda motar da ta hau tudu da hanzari da safe za ta riƙa jan ciki a kan tudun nan da la'asar. Litiyam yana riƙe ƙarfinsa har kusan ƙarshe, sannan ya yanke a lokaci ɗaya, wanda shi ma wani darasi ne ga direban da ba ya duba ma'aunin caji.

Ga yadda za ka gane shekarun abin da ake sayar maka. A kan batirin Trojan akwai harafi ɗaya da lamba ɗaya da aka buga a dalmar kan batir na gefen da ke da alamar ragi; harafin wata ne, A Janairu, B Fabrairu, haka har zuwa L, lambar kuma ita ce ƙarshen shekarar da aka yi shi. Ita motar kanta, lambar jikin Club Car tana ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, kuma lambobi biyu na farko bayan haruffa su ne shekarar ƙira. Ka tafi da mitar gwajin wuta. Batir mai bolt 8 da ya cika ya huta yana nuna kusan 8.5, dukkansu a haɗe kuma suna nuna kusan 51. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin mataccen batir ma yana iya nuna lamba mai kyau idan yanzu aka cire shi daga caji. Sai an tuƙa motar ta yi aiki sannan a sake auna su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa shi ne zai kashe sauran.

Abu na biyu shi ne caja, kuma a nan ne na ga mutane da dama sun yi asara a daren farko. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce mai Hz 60 (Hz shi ne ma'aunin saurin kai-komon wuta), tamu kuwa bolt 230 ce mai Hz 50. Tsohuwar caja mai nauyi da ta biyo mota daga can ba za ta jure soket ɗinmu ba, kuma ko an haɗa ta da taransifomar rage wuta, bambancin Hz ɗin nan yana sa ta yi zafi ta kasa cika batir yadda ya kamata. Ka karanta ƙaramin allon da ke jikinta da idonka. Cajojin zamani irin na Delta-Q suna karɓar wuta daga ƙasa da bolt 100 har sama da 240, kuma irinsu ne suka dace da mu.

Abu ɗaya da kuke da shi a Jos wanda mu ba mu da shi shi ne sanyi. Ƙa'idar da masu ƙera batir mai ruwa suke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 yana raba rayuwar batir biyu. Mu a nan, a watannin Maris da Afrilu, sai mun riƙa duba ruwan batir kusan kowane mako. Ku da kuke kan tudun da ya haura mita 1,200 daga teku, batir mai ruwa zai fi daɗewa a hannunku. Duk da haka, da ni ne, litiyam zan zaɓa saboda hawan nan.

Baba Makanike, Bukuru

Injiniya ya yi bayani mai kyau a kan batir, ba ni da abin ƙarawa a can. Amma ɗana, kai hawa kake tsoro, ni kuwa gangara nake jiye maka. Na fara da ɗaukar jakar sanduna a filin golf na Rayfield ina yaro, filin da yake nan tun 1913 zamanin turawan kuza, daga baya na koma gyaran ƙananan motoci, kuma ban taɓa ganin motar golf da ta ji wa mutum ciwo don ta kasa hawa tudu ba. Idan ta kasa, tsayawa take yi a sauka a tura. Wadda take raunata mutane ita ce wadda ta kwaso gudu a gangara da kaya a bayanta.

Dalili shi ne yawancin motocin da aka ƙera don filin wasa birkinsu a tayoyin baya biyu kawai yake, birki ne na ganga mai aiki da waya, domin an yi su ne don shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da gudun da bai wuce kilomita 20 zuwa 24 a awa ba. A kan tsakuwa, idan tayar baya ta kulle, motar zamewa take yi ta juya gindi. Saboda haka ka tambayi dillalan biyu ko injin motar yana riƙe ta da kansa idan an ɗaga ƙafa daga totur. Motoci masu injin AC, da wasu masu injin DC na baya-bayan nan, suna da wannan riƙon, har ma suna mayar da 'yar wuta cikin batir yayin da suke gangarowa. Tsofaffi masu injin da ba shi da wannan, da zarar ka saki totur sai su sake jiki kamar amalanke. Alamar da za ka gane mai riƙon ita ce wani ɗan makunni kusa da batir da aka rubuta Tow a gefe ɗaya, Run a ɗaya gefen. Tun da na ambace shi, ka gaya wa yaran gona cewa duk ranar da motar ta mutu za a ja ta, sai an mayar da makunnin nan kan Tow tukuna, in ba haka ba kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, ita ce za ta ƙone, ita kuwa ba a samun ta a kasuwar Dilimi yadda ake samun kayan motar Volkswagen Golf 3.

Manyan tayoyin da suka burge ka a sabuwar motar suna da amfani da illa. Ƙananan tayoyin asali masu inci 18 an yi su da santsi ne don kada su yaga ciyawa, kuma a jar lakar Vom ta watan Agusta za su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Taya mai haƙora ta fi. Amma ɗaga motar sama da ake yi don manyan tayoyi su shiga yana sa ta yi saurin kifewa a kwana ko a hanyar da ta karkata gefe guda, sannan babbar taya tana rage wa mota ƙarfin hawa. Ni shawarata ita ce taya mai haƙora wadda girmanta bai yi nisa da na asali ba, a bar motar a ƙasa yadda aka ƙera ta.

Inda na saɓa da Injiniya shi ne a kan wacce za a saya. Ƙashin Club Car na alminiyam ne, ba ya tsatsa, kuma a gonar da ake ban-ruwa da zuba taki wannan babban abu ne. Ita da E-Z-GO da Yamaha sun cika duniya, duk abin da ya lalace a jikinsu yana da lamba, ana iya yin odarsa a kawo. Motocin Caina akwai nagari sosai a cikinsu, amma kamfanoninsu suna da yawa, kuma idan wanda ya shigo da ita ya daina harkar, sai ka zauna da mota sabuwa fil kana neman wani ɗan ƙarfe da babu wanda ya san sunansa.

Hajiya Maman Sadiq, Abuja

Maganar Baba Makanike ta ƙarshe a kaina ta faru. Ina da wurin taron biki, na sayi sababbi guda biyu masu kujera shida don ɗauko tsofaffi da amare daga wurin ajiye motoci zuwa ɗakin taro. Wata huɗu da saye aka kawo wuta mai ƙarfi cikin dare, cajar ɗaya ta ƙone. Wanda ya sayar mini ya ce garantin bai shafi abin da wuta ta lalata ba, maganar da bai taɓa faɗa ba ranar da yake karɓar kuɗi, ni kuma ba ni da takardar da zan nuna sai rasit. Wata uku muka yi muna cajin motoci biyu da caja ɗaya, ana ciro ta daga wannan a kai wa waccan, kafin sabuwa ta iso. Don haka, Malam, a rubuta maka garanti a takarda, na batir daban na mota daban, a rubuta sunan kamfanin da ya yi batirin, kuma ka nemi a nuna maka kayan gyara a kan kanta da idonka, ba a waya ba.

Amma abin da ya sa na sa baki shi ne duk kun yi maganar mota, ba wanda ya yi maganar Baban da zai hau ta. Ni kullum tsofaffi nake ɗauka, kuma na lura cewa abin da ya fi wahalar da mai ciwon gwiwa shi ne ɗaga ƙafa ya shiga, da kuma saukowa. Motar da aka ɗaga sama, dattijo sai an tallafe shi ta baya, mutumin da ya ƙi hawa babur don kada a mayar da shi buhun taki kuwa ba zai yarda yaran gonarsa su riƙa ciccibar sa a gaban ma'aikata ba. Ka duba ko akwai mariƙi a jikin rufin da zai kama, da madogarar hannu a gefen kujera. Kada a zaunar da shi a kujerar baya mai kallon baya, domin a kan hawa mutum yana ji kamar za a zubar da shi. Makulli kuma ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Jikokina sun mayar da nawa abin wasa har sai da ɗaya ya shiga da ita cikin furanni, don motar ba ta da ƙara, babu wanda ya ji fitarta.

Baban Hauwa, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura ƙanena da ke Kubwa ya sake duba Club Car ɗin da abin da kuka faɗa. Lambar jikinta ta nuna ƙirar 2012 ce. Batir huɗu an buga musu C1, biyu kuma wani kamfani ne daban, babu alamar shekara a jikinsu, sannan akwai farin gari a kan wayoyin. Makunnin da Baba Makanike ya ambata yana nan. Allon cajar an rubuta bolt 120 da Hz 60, dillalin kuma ya ce zai haɗa mini da taransifoma kyauta. Ita sabuwar, ƙanena ya auna tsayin matakinta ya ce ya kusa kai masa gwiwa, kuma da ya tambayi kayan gyara sai aka ce suna hanya. Injiniya, a wannan hali me kake gani, kuma janaretan da muke da shi, irin ƙaramin nan na shagon aski, zai iya cajin ta?

Injiniya, Gwarinpa, Abuja

C1 yana nufin Maris na 2021, kuma haɗa tsofaffin batir da wasu na daban a layi ɗaya alama ce cewa an riga an fara facin saitin. Ka ɗauka cewa motar ba ta da batir kuma ba ta da caja, ka yi cinikinta a kan haka, ka bar masa taransifomarsa. Idan ya sauko, to akwai hanya ta uku da za ta haɗa maganata da ta Baba Makanike: ka sayi gangar jikin Club Car ɗin, a cire batir shidan, a sa mata litiyam guda ɗaya da cajarsa mai karɓar wutarmu. Ka tabbata mai haɗa maka ya san cewa Club Car masu bolt 48 na kafin 2014 suna da wata 'yar kwamfuta da ke sarrafa caji, wadda sai an kewaye ta kafin wata caja ta daban ta yi aiki. Ka kuma tabbata batirin na motar golf ne, ba irin na inbata da ake jinginawa a bango ba. A cikin kowane batirin litiyam akwai allon kariya da ke yanke wuta idan an ja fiye da ƙima, mota kuwa a tsakiyar hawa da kaya tana iya jan amp 200 ko fiye na ɗan lokaci. Batirin da allonsa ya tsaya a amp 100 zai ɗauke wuta daidai wurin da kake buƙatar sa, da Baba a ciki.

Game da caji, zuwa ramin ruwa da dawowa sau uku a rana kilomita tara ne, kuma a ƙiyasina ba zai ci fiye da yunit biyu ba ko da hawan. Ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanar wa 'yan layin Band A a Afrilun 2024, wannan bai kai kuɗin litar fetur ɗaya ba. Sai dai cajar tana jan kusan wat dubu ɗaya a lokaci guda, janaretan shagon aski kuwa ba zai ɗauka ba; kana buƙatar mai kVA biyu da rabi, ko ka ƙara faifan sola uku ko huɗu masu wat 400 zuwa sama da inbata mai ƙarfi, a riƙa caji da tsakar rana lokacin da Baba yake hutawa. Kafin ka biya ko sisi, ka sa a ɗora buhun siminti biyu a baya, mutum biyu su zauna a gaba, a nemi tudu mai kama da naku, wanda ba ya wahalar samu a wajen Mpape. A tsaya cak a tsakiyar hawan, a sake tashi, sannan a juyo a gangaro ba tare da taka birki ba a ga ko injin zai riƙe ta.

Baba Makanike, Bukuru

Wannan shawarar na yarda da ita. Idan kun ɗauko ta, ɗana, ku biyo da ita ta Bukuru kafin ku wuce Vom, in buɗe gangunan birkin in ga abin da ya rage na takalman birkin, in ɗaure wayoyin daidai, domin motar da ta rage nauyin buhu biyu da rabi a tsakiyarta birkinta yana son a sake saita shi. Ku kuma share ɗakin da za ta riƙa kwana, kada a ajiye ta kusa da buhunan masara. Ɓerayen gona suna son wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, kuma cikin hunturu can suke shiga neman ɗumi.